Kaka ta yi: ina kuke kai yara, me kuke yi da su?

Maman Uku, Kano
Assalamu alaikum. Jiya ina tankaɗen garin tuwo ɗana mai shekara 7 ya tambaye ni wai a kasuwar Dawanau ake ƙera dawa ko daga waje ake kawo ta. Na yi dariya, daga baya kuma abin ya tsaya mini a rai, domin kakansa manomi ne a wajen Bichi. Ga shi zangon farko na makaranta bai ƙare ba, Asabar da Lahadi kawai muke da su. Masu kai yara gona lokacin girbi, yaya kuke yi? Me ya fi burge su, me kuma ya ba ku wahala?

Baban 'Yan Biyu, Zariya
Wa alaikumus salam. Hajiya, ki fara da tonon gyaɗa. Shi ya fi dacewa da ƙananan yara, babu lauje babu magirbi. Manya su tuge, yara su zauna a inuwa suna tsinka. Idan an kwashe sai a sake su su yi roro, duk abin da yaro ya tono nasa ne. Bara 'yan biyuna suka haɗa kusan kwano ɗaya, suka ce ba za su sayar ba, sai da uwarsu ta soya musu ta yi ƙuli-ƙuli. Man da ya fito bai fi rabin kofi ba, amma har yau a gidanmu sunansa "man gonarmu".

Inna Mai Fura, Katsina
Ke 'yar nan, kin makara da abu guda, tumu. Gero ya riga ya shiga rumbu a yawancin wurare, dawa ce ke tafe. Baɗi ki kai su tun gero na tsaye, a karyo zangarniya ɗanya a gasa a bakin wuta, yaro ya murza a tafin hannu ya hure ya watsa a baki. Jikokina na Abuja da suka ɗanɗana, biskit ɗin da aka zo musu da shi a jaka ya koma. Yanzu abin da ya rage miki takanɗa da dafaffiyar gurjiya, su ma ba baya ba. Amma ranar sussuka da shiƙa ki janye su gefe. Ƙaiƙayi ba ya jin "ɗan birni ne". Ƙaramar jikata kwana ta yi tana susa tana kuka, sai da muka yi mata wanka sau biyu muka shafe ta da man kaɗanya.

Malamin Firamare, Haɗeja
Ni abin da nake yi ba sai an je nesa ba. Karan dawa nake sa a kawo mini, mu zauna da yara mu ɓare, mu yi mota da totuwa da ɓawon, har da gilashin ido da keji. Mu da muka tashi da motar kara mun san yini guda ake yi a kanta ba a gaji ba. A kula dai, ɓawon kara yana yanka kamar reza, babba ya riƙa ɓarewa.

Wani abin kuma, ranar da ake ɗaure dami nakan sa manyan su ƙirga, duk dami goma a ware ɗaya. A nan suke fahimtar zakkar amfanin gona: ɗaya cikin goma idan ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin idan ban-ruwa aka yi da wahala, matuƙar ya kai nisabi. Na koyar da wannan a allo shekara da shekaru, bai taɓa zama a kansu kamar ranar da suka ɗauki damin da kansu suka kai gidan wata tsohuwa ba.

Anti Nas, Gombe
Ku yi haƙuri in ɗan ɓata muku hira. Kaka lokacin maciji ne, musamman kububuwa, kuma ƙarƙashin dami da tarin harawa take son kwanciya, ita da kunama. Mu nan da ke kusa da Kaltungo, inda asibitin masu saran maciji yake, mun san yadda ake cika a watannin girbi. Yaro ya sa takalmi rufaffe, ba silifas ba. Kada ya cusa hannu inda idonsa bai gani ba. Idan tsautsayi ya faɗa, ban da tsagawa, ban da tsotsa, ban da ɗaure wurin tamau, a hana shi tafiya da ƙafarsa a ɗauke shi zuwa asibiti. Ni ma ina kai nawa, amma kafin la'asar sakaliya mun baro gona.

Ɗan Maraɗi
Gaskiyarki Anti. Mu nan Nijar lakwal, wato makaranta, a watan Oktoba ake komawa, don haka yaranmu suna samun girbin hatsi kafin a buɗe. Abin da suka fi so kamun fara ne. Da asuba ake fita, sanyi da raɓa sun kashe mata jiki ba ta iya tashi, a cika buhu, a zo a tafasa a shanya a soya da yaji. Sai dai a tambayi mai gona ko ya yi feshi. Da dare kuma kokawa a dandali, yara su fara kafin manya. Ƙaramina an kayar da shi sau uku a dare ɗaya, ya tashi yana kakkaɓe wando yana cewa shi ne zai ɗauko takobin gasar kokawa ta ƙasa wata rana.

Uwar Marayu, Gusau
Ina karanta ku ina jin daɗi, ina kuma jin wani iri. Shekara 4 ke nan ban taka ƙauyenmu ba. Waɗanda suka rage a can sai sun biya 'yan bindiga kafin su girbe abin da suka shuka, wa zai ɗauki yaro ya kai? A buhunan siminti na zuba ƙasa da taki a tsakar gida, muka shuka gyaɗa da wake da kuɓewa tun farkon damina. Makon jiya muka zazzage buhu shida, gyaɗar ba ta cika kwanon sha ba. Sun yi murna sosai. Ni ce dai na shiga ɗaki.

Inna Mai Fura, Katsina
Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, 'yata. Mu ma ba kowace gona ake zuwa ba yanzu.

Yaya Babba, Manchesta
Amin. Mu a Ingila kakar daban ce. Ganye ya yi ja ya zube, ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba a mayar da agogo baya da awa ɗaya, kafin ƙarfe biyar an yi magariba. Yara na samun hutun mako guda a ƙarshen watan, sai mu je gonakin da ake biya a tsinki tuffa ko a zaɓi kabewa. Turawa fafe ta suke yi su yanka mata ido da baki su sa kyandir, ni kuwa miyar taushe nake gani tana tafiya a banza. Tamu a tukunya take ƙarewa. Abin da ke ba ni dariya, kuɗi nake biya don 'ya'yana su yi aikin da aka riƙa korata da bulala in yi a Funtuwa.

Maman Uku, Kano
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Mun je Bichi ranar Asabar. Gyaɗa an riga an kwashe, roro kawai suka samu, kakansu kuma ya yanko musu takanɗa. Anti, takalman makaranta na sa musu, sun dawo ba sa ganuwa. Ɗan nawa mai tambayar nan ya tsaya a gindin dawa ya ɗaga kai, ya ce ashe ta fi Abba tsawo. Yanzu rigimar da ake yi da ni, wai sai an koma ranar yankan dawa, kuma kakan ya ce sai nan da mako uku, daidai lokacin jarrabawa. Malam na Haɗeja, karan da muka taho da shi ɗanye ne, a shanya shi tukuna ko a haka ake yin motar?