Musayar Baitoci a Kan Raɗa wa Takobi Suna

Matashin Jidda:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina tsara wasan kwamfuta wanda jaruminsa ke riƙe da takobin gado, kuma sunan takobin ne ya gagare ni.

Na zana takobi mai kaifi biyu a wasan da nake tsarawa,
Kubensa na jar fata ne, da hamila irin ta mahayan Hausawa.
Turawa suna da Excalibur na Sarki Arthur, wanda wasanni ba su gaji da arowa,
Sauran kuwa wuta ce da jini da guguwa, sunayen da ba a daɗe ana tunawa.
Na so in ce masa "Walƙiyar Halaka", amma zuciyata ta ƙi amincewa,
Shi ya sa na kawo kukana gare ku, ku da kuka riga ni jin zancen mazan jiya da ganewa.

Dattijon Makka:
Ɗana, mutanen da ba su raɗa wa ƙarfe suna don su firgita yara ba,
Abin da ido ya gani a jikinsa suke faɗa, ba su ƙara masa gishiri ba.
Takobin Zulfiƙari ya zo hannun Manzo, tsira da aminci su tabbata gare shi, cikin ganimar Badar,
A shekara ta 2 bayan Hijira, ranar da yawan Ƙuraishawa bai amfane su ba.
Daga baya ya koma ga Sayyidina Ali, kuma malamai sun ce tsage-tsagen jikinsa,
Masu kama da gaɓoɓin gadon baya, su suka ba shi suna, ba maroƙi ne ya ƙaga ba.
Sai dai ina roƙonka kada ka ɗauki wannan sunan ka sa a wasanka,
Domin abin da hannu mai albarka ya riƙe bai dace da abin nishaɗi ba.

Malama daga Riyad:
Baba ya faɗi gaskiya, kuma a garin da nake zaune akwai shaida,
Imam Turki ɗan Abdullahi ya karɓi Riyad a 1824, ya mai da ita fada.
Takobinsa Al-Ajrab ne, wato mai ƙazuwa, saboda tsatsar da ta yi masa tabo,
Ka ji sunan da babu yabo a cikinsa, amma ya fi na zinariya daɗewa a bakin masu tada.
Ya yi shekaru masu yawa a Bahrain, har sarkinta ya miƙa wa Sarki Abdullah na Saudiyya a 2010,
Don haka, ƙanena, nemi aibin takobinka, domin da tabo ake gane ɗan gida.

Jikan Maƙera, Madina:
Malama, ki yi mini afuwa, ni ban yarda aibi kaɗai ke haifar da suna ba,
Kakana ya tashi a gindin zugazugi, bai taɓa yabon ƙarfen da bai yi aiki ba.
A labarin Bayajidda maƙeran Gaya ne suka ƙera masa makaminsa,
Ya sare macijiyar Kusugu a Daura, wadda ba ta barin ɗibar ruwa in ba Juma'a ba.
Da ni aka tambaya, da na kira irin wannan takobi "Shayar-da-Gari",
Domin mata da tulunansu ne suka amfana, ba jinin da ya zuba ake wa guɗa ba.

Matashin Jidda:
Baba, na bar Zulfiƙari inda yake, ba zan kusance shi da wasa ba.
Na gane cewa takobina bai yi komai ba tukuna, shi ya sa sunan bai zauna ba.
Zan bar shi babu suna a matakin farko, har jarumin ya kai rijiyar da aka toshe,
Ya sari dutsen da ke bakinta, ruwa ya ɓullo, amma kaifin bai tsira lafiya ba.
Daga nan mutanen garin za su riƙa ce masa "Mai Giɓi" duk inda ya gifta,
Kawu na Madina, faɗa mini ko maƙeri na iya wasa irin wannan kaifi bai shafe giɓin ba.