Direban Nvidia a Ubuntu Studio: abin da muka tattauna a Jidda

Daren Alhamis muka zauna a situdiyon wani ɗan'uwa a Jidda, kwamfutarsa ta ba da baƙin allo bayan ya sa direban Nvidia, wato manhajar da ke sarrafa katin hoto na Nvidia, a Ubuntu Studio, wani nau'in Linux. Kowa ya kawo tasa.

Yawanci sun ce ya rabu da fayil ɗin .run, wato fayil ɗin sa direba da ake saukewa daga shafin Nvidia, ya danna Ctrl+Alt+F3 don ya shiga allon rubuta umarni, ya cire direban da ya sa, sannan ya rubuta ubuntu-drivers install. Wani ya tuna mana cewa DKMS, mai haɗa direba da kernel (zuciyar Linux), ba ya gina direba sai an sa fayilolin linux-headers daidai da kernel ɗin da kwamfutar ke aiki da shi. Nan kam na yarda da shi.

Amma Secure Boot, tsaron da ke hana direban da ba a amince da sa hannunsa ba ya tashi, shi ne ya fi cin lokacinmu. In ba a yi rajistar makullin MOK, wanda ake sa wa direban hannu da shi, a shuɗin allon da ke fitowa in an sake kunna kwamfuta ba, direban ba zai tashi ba. Bayan an yi rajistar, nvidia-smi, manhajar duba katin Nvidia, ta nuna katin, muka koma kan shayinmu.