Manet biyu a RetroArch: na gyara maɓallai cikin fishiye, suna komawa yadda suke

MaiƊakinWasa_Tawa

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Taimako nake nema wurin waɗanda sunka san RetroArch ciki da bai.

Ina da ɗan ɗakin wasa nan Tawa, unguwar Wadata, cikin shagon ƙofar gidanmu. Akwai tele biyu na manyan samari, sai wata tsohuwar kwamfuta mai Windows 10 da ƙanena ya aiko mini daga Yamai, ya zuba mata RetroArch, manhajar da ke kunna wasannin tsoffin na'urori bisa kwamfuta, da tsoffin wasanni: Winning Eleven na PlayStation ta farko, Tekken 3, Metal Slug. Wannan kwamfutar ta ƙananan yara ce, waɗanda ba su da kuɗin babbar tele. Dala biyar nake amsa a wasa, kuma wallahi ita ta fi cika da la'asar in an taso daga lakkwal.

Manet biyu ne na USB, irin marasa sunan nan da ake saidawa kasuwa ranar Lahadi. Siffarsu ta manet ɗin PlayStation 2, amma maimakon X da O, lambobi anka rubuta: 1 sama, 2 dama, 3 ƙasa, 4 hagu. Tsakiya akwai ɗan maɓalli da anka rubuta ANALOG, da ƴar jar fitila.

Ga abin da ya dame ni. Cikin Tekken 3, yaro ya taɓa maɓallin naushi sai ƙafa ta fita. Na buɗe retroarch.cfg, fishiyen saitunan RetroArch, da Bloc-notes, na samu layin input_player1_b_btn, na sa "3" tunda 3 ke rubuce kan maɓallin ƙasa, na adana. Da na sake buɗe wasan babu abin da ya canza, da na koma fishiyen sai na iske lambar ta koma yadda take. Ban da wannan, wani lokaci gicciyen tafiya ya mutu gaba ɗaya, ɗan wasa ya tsaya cak cikin fili, ba a taɓa komai ba. Kuma a Metal Slug, yara suna saka kwabo su danna Start sai wasan ya rufe, a dawo menu. Yaro ya biya kuɗinsa, ba zan ce mishi ya yi haƙuri ya tashi ba, sai in sake ba shi wani kyauta.

Ƙanena yana cikin jarrabawa, ba ni son in takura mishi. Ina ne ainihin wurin da ake gyara wanga abu ya zauna?

Dogo_Bukoki

Wa alaikumus salam Malam. Batun komawar lamba mai sauƙi ne. RetroArch yana buɗe lokacin da ka yi gyaran, ko ba haka ba? Shi in zai rufe, yana sake rubuta retroarch.cfg gaba ɗaya da abin da ke cikin kansa, sai ya shafe naka. Rufe shi tukuna, sannan ka buɗe fishiyen. Ka nemi wannan layi ka mai da shi haka:

config_save_on_exit = "false"

Daga nan ba zai sake taɓa fishiyen da kansa ba. Amma ka sani, duk abin da ka canza cikin menu bayan haka ba zai zauna ba sai ka adana da hannunka. Kafin komai, kwafi retroarch.cfg ka aje cikin kile USB. Kuma Bloc-notes kaɗai za ka yi aiki da shi, kar ka buɗe da Word, yana lanƙwasa alamomin zancen nan biyu da ke gefen lamba, layin ya lalace.

Injiniya_Harobanda

Yaya mai ɗakin wasa, sannu da ƙoƙari. Abin da Dogo ya faɗa daidai ne, amma ko ka rufe shi ka gyara, lambar da ka sa ba za ta yi ba. Windows tana ƙirga maɓallan manet daga 1, kamar yadda aka buga a jikin robar. RetroArch daga 0 yake farawa. Maɓallin da aka rubuta wa 3, a wurinsa 2 ne. Za ka iya gani da idonka: danna maɓallin Windows da R, rubuta joy.cpl, buɗe manet ɗin, ka riƙa danna maɓallai ɗaya bayan ɗaya. Duk lambar da ta haska, cire ɗaya, ita za ka rubuta.

Sai dai ni shawarata, kar ka rubuta lambobin manet cikin retroarch.cfg ko kaɗan. Bari in faɗa maka dalili.

RetroArch ba ya haɗa manet ɗinka da wasa kai tsaye. Yana da nasa manet na cikin ƙwaƙwalwa da suke kira RetroPad, wanda aka tsara bisa na Super Nintendo: B a ƙasa, A a dama, Y a hagu, X a sama. Kowane manet ka sa, sai an fara faɗa masa wane maɓalli ne B, wane ne A. Bayan nan ne kowane core, wato ɓangaren RetroArch da ke kwaikwayon wata na'urar wasa, yake ɗaukar RetroPad ya mai da shi abin da na'urar asali ta sani. A PlayStation, B shi ne X, A shi ne O, Y shi ne akwati, X na RetroPad kuma alwatika. Aiki biyu ne ke nan, kuma kowane da nasa fishiye.

Aikin farko, sanin manet, wurinsa dosiyen autoconfig. A Windows, irin manet ɗinka yana ƙarƙashin autoconfig\dinput. Kowane fishiye a ciki na manet ɗaya ne. Ina da irin naka a ɗaki, ga abin da ke cikin nawa:

input_driver = "dinput"
input_vendor_id = "121"
input_product_id = "6"
input_x_btn = "0"
input_a_btn = "1"
input_b_btn = "2"
input_y_btn = "3"
input_select_btn = "8"
input_start_btn = "9"
input_up_btn = "h0up"
input_down_btn = "h0down"
input_left_btn = "h0left"
input_right_btn = "h0right"

Akwai kuma layin input_device mai ɗauke da sunan manet ɗin. Lambobin 121 da 6 su ne shaidar da manet yake gabatar da kansa da ita in an sa shi. Matsalar ita ce manet iri-iri masu arha suna amfani da wannan shaida ɗaya, alhali wayoyin cikinsu ba ɗaya ba ne. Sai RetroArch ya ga 121 da 6, ya ɗauko fishiyen da aka yi wa wani manet daban, maɓallai su hargitse. Ina kyautata zaton abin da ya same ka ke nan a Tekken.

Ba sai ka rubuta da hannu ba. Shiga saituna, sashen shigarwa, wurin manet na farko. Akwai zaɓin da yake bin maɓallai duka yana tambayarka ɗaya bayan ɗaya, kana dannawa. In ka gama, ƙasa da shi akwai na adana bayanin manet, shi zai rubuta maka sabon fishiye cikin autoconfig. Tsohon da ke da lambobi iri ɗaya, fitar da shi daga dosiyen ka aje wani wuri don kar su yi karo.

Sannan ka rufe, ka koma retroarch.cfg, duk layin da ya fara da input_player1 ko input_player2 ya ƙare da _btn ko _axis, ka mai da shi "nul", wato babu komai. Wannan muhimmi ne, domin abin da ke cikin retroarch.cfg yana danne na autoconfig. In ka bar tsohuwar lamba a can, ita za ta ci gaba da aiki.

Batun gicciye kuma, jar fitilar nan ce. In ANALOG yana kunne, gicciyen yana aika saƙo a matsayin hat, wato h0up da ƴan'uwansa. In yana kashe, sai ya koma aikawa ta axis, kamar sandar hagu. Ka saita shi fitila na kunne, yaro ya taɓa maɓallin da babban yatsa cikin zafin wasa, shi ke nan h0up ya daina zuwa. Ka saita da fitila a kunne, ka koya wa yaran cewa in ɗan wasa ya tsaya su duba fitila.

MaiƊakinWasa_Tawa

Allah Ya saka da alheri, Injiniya, Allah Ya ƙara ilimi. Na bi yadda ka ce bayan sallar isha da yara sunka watse. Tekken ya daidaita: akwati naushin hagu, alwatika na dama, X da O ƙafafu. Fitilar ma gaskiya ce, na kashe na kunna na ga abin da idona. Na yanko ɗan kwali na liƙe kewayen maɓallin da salatif, yadda sai an sa farce za a kai gare shi.

Saura biyu. Metal Slug har yanzu yana rufewa. Sannan akwai rigimar da ke tsakanin yara: waɗanda sunka saba FIFA a babbar tele suna son shot ya koma O, amma a Winning Eleven akwati ne shot, O kuwa dogon bugu. In na juya su cikin fishiyen autoconfig, ai Tekken zai sake lalacewa ko?

Hajiya_Linux

Zai lalace ƙwarai, Malam, kar ka taɓa autoconfig kuma. Wannan aiki na biyu ne da Injiniya ya ambata, nasa fishiye mai ƙarewa da .rmp. Buɗe Winning Eleven, danna F1, shiga sashen maɓallai na wannan menu ɗin, juya biyun, ka adana a matsayin na wannan wasa kaɗai. Zai aje shi cikin config\remaps, ƙarƙashin dosiye mai sunan core ɗin, misali PCSX-ReARMed, sunan fishiyen kuma daidai da sunan wasan. In ka buɗe za ka ga haka:

input_player1_btn_a = "1"
input_player1_btn_y = "8"

Ka lura lambobin nan ba na manet ɗinka ba ne, na RetroPad ne, kuma ba sa canzawa: B 0, Y 1, Select 2, Start 3, A 8, X 9, L 10, R 11. Layin farko yana cewa in an danna A a aika Y. Ka yi wa input_player2 irin haka, in ba haka ba ɗaya yana FIFA ɗaya yana Winning Eleven. RetroArch yana fara duba na wasa, in babu ya duba na dosiye, in babu ya ɗauki na core.

Abu ɗaya ka yi tunani a kai kafin ka yi. Juyin ba shot kaɗai yake shafa ba, har menu. Yawancin wasannin PlayStation da aka yi wa kasuwar Japan da O ake amincewa, to bayan juyi sai yara su riƙa zaɓen ƙungiya da akwati. Ni da nawa ne, zan kwafi wasan sau biyu da suna daban, ɗaya da .rmp ɗaya babu, kowa ya zaɓi nasa. Winning Eleven na PlayStation ta farko bai wuce faifan CD ɗaya ba, ba zai cinye maka wuri ba.

Ka sa remap_save_on_exit = "false" ma cikin retroarch.cfg, don kar yaro ya canza wani abu ya zauna.

Dogo_Bukoki

Metal Slug kuwa ga dalili. A wasannin arcade, Select shi ne saka kwabo, Start shi ne farawa. Mutane da yawa kuma suna sa Select ya zama maɓallin buɗe gajerun umarni, Start ya zama fita, ina jin ƙanenka haka ya yi don ka samu sauƙi. Yaro ya danna Select bai saki ba ya danna Start, ka ga ya ba da umarnin fita. Gyara waɗannan cikin retroarch.cfg:

input_enable_hotkey_btn = "nul"
input_exit_emulator_btn = "nul"
input_menu_toggle_gamepad_combo = "0"
input_enable_hotkey = "rctrl"

Yanzu manet ba shi da ikon fita ko buɗe menu. A klabiye ma Échap, F1, F2 na adanawa da F4 na ɗaukowa ba za su yi aiki ba sai an riƙe Ctrl na dama. In klabiyenka AZERTY ne, kar ka zaɓi harafi don wannan aiki, A da Q, Z da W sun yi musanyar wuri, abin da ke rubuce cikin fishiye zai iya saɓa wa wanda ke bisa maɓalli.

Ni dai ban ga amfanin kwafar wasa sau biyu ba, Hajiya. Yara su koyi wasan yadda masu shi suka yi shi, mu ma haka muka koya.

Hajiya_Linux

Dogo, kai don nishaɗi ka koya, shi sana'a yake yi. Yaron da ya danna O gaban gola ƙwallo ta tashi sama ba zai dawo da dala biyar ɗinsa gobe ba.

MaiƊakinWasa_Tawa

Hajiya ta faɗi abin da ke raina. Yaran nan wasu tallar ruwa suke yi su samu kuɗin, ba ni son su tashi da ɓacin rai. Na yi kwafi biyu, na sa wa ɗaya FIFA ƙarshen sunansa, sun gane nan take. Metal Slug ma ya daina rufewa, Malam Dogo, na gode, klabiyen kuma na sa shi cikin durowa ƙarƙashin tebur.

Yau da safe bayan wuta ta dawo na kunna, sai na iske manet na hagu ya zama ɗan wasa na biyu, na dama ya zama na farko. Maɓallai dai lafiya lau. Shi kuma mi ke kawo shi?

Injiniya_Harobanda

Yaya, tunda manet biyun suna da suna ɗaya da shaida ɗaya, ba abin da ke bambanta su sai jerin da Windows ta miƙa su. Cikin retroarch.cfg ka tabbatar input_player1_joypad_index = "0", input_player2_joypad_index = "1". Wannan yana nufin wanda aka fara gani da wanda ya biyo, ba wani manet takamaimai ba. Ka sa wa kowane waya alama da fenti ko salatif mai launi, ka sa wa ramin USB ɗinsa irin alamar, kar a riƙa canza musu rami, kuma su kasance a sanye kafin ka buɗe RetroArch. In duk da haka sun juya wata rana, kar ka buɗe fishiye, yaran su yi musayar manet kawai. Sannan ka sake kwafar retroarch.cfg da dosiyen autoconfig da na remaps zuwa kile ɗinka yanzu da komai ke aiki.