Neman shawara kan gyaran tsohon teburin sunuka a Jos

Assalamu alaikum. Na sayi tsohon teburin sunuka mai tsawon ƙafa 8 a Bukuru domin in ajiye a shagona, kuma ƙarƙashin ƙyallensa falalen dutse ne guda 3, kowanne kaurinsa inci 1, abin da ya sa na zaɓe shi a kan masu shimfiɗar katako, waɗanda kan lanƙwashe idan sun sha danshi.

Kafinta ya sauya ƙafa ɗaya da katakon da muka samo a kasuwar Katako, muka jera duwatsun, muka cusa siraran itatuwa a ƙarƙashinsu har ma'aunin magina ya nuna sun daidaita. Duk da haka, idan aka gangara ƙwallo a hankali, da zarar ta iso mahaɗar dutsen tsakiya sai ta karkace zuwa hagu, kuma idan na shafa wurin da farce ina jin ɗan tudu. Abin yana damuna ƙwarai, domin sabon ƙyallen yana ajiye, kuma ba na son a ɗaura shi a sake cirewa.

Wasu sun ce in narka kakin zuma in cike mahaɗar, wasu kuma sun ce abin cike jikin mota da masu fenti ke shafawa ya fi ƙarko. Wanne ya fi jure bushewar hunturun Jos, lokacin da katako ke tsukewa? Sannan robar gefuna ta taurare, ƙwallo ba ta dawowa da ƙarfi: shin akwai mai sauya ta a Jos, ko sai na nema daga Abuja?