Laftof ɗina na yawan daskarewa, ga abin da aka ce in gwada

Na gode wa duk waɗanda suka tanka, na tattara abin da aka faɗa saboda masu irin matsalata, wato kana cikin aiki kawai linzamin kwamfuta (mouse) ya tsaya cak, ko madannai ba sa amsawa sai ka kashe ta da ƙarfi.

Yawanci dai zafi suka fi zargi. Wai ƙura ce ke toshe fanka, musamman mu masu ɗora ta kan katifa ko bargo, iska ba ta samun hanyar fita, zafin firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) ya haura digiri 90 sai komai ya tsaya. Na leƙa ramin iskar tawa kuwa na ga ƙura ta yi dam kamar auduga, kunya ma ta kama ni wallahi. Aka ce a busa ta, in ta tsufa a canza man da ke kan firosesan.

Wasu kuma suka ce in danna Ctrl+Shift+Esc in buɗe Task Manager, inda ake ganin abin da ke cin ƙarfin kwamfuta, in RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) ko diski na kan kashi 100 to ga ɓarawon nan, RAM 4GB da shafuka ashirin a Chrome ai dole ta sume. Mai tsohon hadis (hard disk, ma'ajiyar fayiloli) kuma ya koma SSD, wato sabuwar ma'ajiya mai sauri.

In allo ne kaɗai ya ƙame, Win+Ctrl+Shift+B na farfaɗo da direban hoto, wato manhajar da ke sarrafa allon. Akwai kuma umarnin sfc /scannow mai gyara fayilolin Windows da suka lalace, da Windows Memory Diagnostic mai gwada lafiyar RAM.

Mai cewa in yi fomat tun farko kam ban bi tasa ba, sai na kwashe fayilolina tukuna.