Abin da muka tsinta a zaman hira kan sankara a Maraɗi

Mun zauna jiya bayan la'asar, mata da maza, kan ciwon sankara. Abin da ya fi damun kowa: yawancin masu ciwon ba sa zuwa likita sai ƙulli ya fashe. Wata inna ta ce ƙanwarta ta shekara tana shafa magani a nono, kafin a kai ta Yamai lokaci ya ƙure. Shawararta: mace ta riƙa laluba nononta, ta ji ƙulli ta tafi likita a satin.

Ungozomar da ke cikinmu ta daɗe kan sankarar bakin mahaifa. Wata ƙwayar cuta mai suna HPV ce ke kawo ta, kuma akwai rigakafi ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Hukumar Lafiya ta Duniya na son a yi wa kashi 90 cikin ɗari kafin 2030.

Manoma kuma aka ce su busar da gyaɗa sosai, su zubar da mai hunhuna, don gubarta na iya kawo sankarar hanta. A yi wa jarirai allurar ciwon hanta, a bar taba.

Ni abin da ya tsaya mini shi ne nisan Yamai, inda injin gashin sankara yake. Ya kamata gwamnati ta kawo awon sankara kusa, har ƙauyuka.