Shawarwari kan gyaran Al-Balad

Da dattawan Hausawan Jidda suka tattauna gyaran Al-Balad, tsohuwar unguwar da UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, maganar haya ce ta fi cin lokaci. Da zarar an gyara gidajen dutsen murjani masu tagogin katako, haya kan tashi, talaka ya tattara komatsansa. Aka ce a ƙayyade hayar, wanda kuma aka tasa saboda aikin a ba shi takardar dawowa. Ina goyon bayan wannan sosai. Aka ce a bar ƙananan 'yan kasuwar Suƙ Alawi a shagunansu, a koya wa samarin unguwar gini da sassaƙa. Wata hajiya ta ce a riƙa jin ta bakin mata tun kafin a zana taswira.